Hannun da Ya Manta Saki

Matsefiya ba ta ƙara idan tana aiki. Farar akwati ce mai tsawon kamu biyu, da rami a tsakiya inda mutum yake zura hannunsa har kafaɗa. Ranar Asabar da hantsi, hannun da ke cikin ramin na Nomau ne, ɗan damben Kudu da ake yi wa laƙabi da Bakin Gatari. Allurai ɗari huɗu, kowace ta fi gashin jariri siranta, suka sauka a kan fatarsa lokaci guda, suka ɗaga, suka sake sauka. A jikin bango, allon na'urar yana nuna abin da ke faruwa a cikin tsokarsa: dubban jajayen ɗigogi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar garin da ake ɗauke wa wuta unguwa-unguwa.

"Yaya, ƙaiƙayi yake yi," in ji Nomau.

"Sai ka daure. Kai da sana'arka a daki fuskarka, ƙaiƙayi ne zai kashe ka?"

Dakta Tabawa ce ta ba shi amsa, idonta a kan allo. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme shi da shekara goma sha tara, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ce kuma ke kula da Matsefiya a Kamfanin Sabuwar Tsoka na Birnin Tsauni. Ba ta so ya zo ba. Amma ya zo da takardar ƙungiyar dambe mai hatimi biyu, ya ce in ta ƙi zai tafi wajen wani likitan, ita kuwa ta gwammace ya kasance a gaban idonta.

To, bari a faɗi mene ne jajayen ɗigogin nan, saboda wanda bai zauna a ajin ba.

A cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wata doguwar igiya mai tufka biyu, ita ake kira DNA. A jikinta aka rubuta umarnin gina mutum, babi-babi. Igiyar ba ta fita daga ɗakinta. Idan jiki yana bukatar wani umarni, akwai wata 'yar na'urar halitta da masanan garin suka sa wa suna Magatakarda. Ita ce ke hawa igiyar, ta warware tufkar kaɗan, ta kwafi babin a kan wani sabon zare mai suna RNA, a ɗauki zaren a kai wa masu gini. Tana wucewa tufkar ta koma ta rufe. Haka abin yake yawanci. Amma wani lokaci sabon zaren, maimakon ya tafi aikensa, sai ya juyo ya manne da ɗaya daga cikin zaruruwan igiyar, ya bar ɗayan a waje yana reto shi kaɗai. Zare uku ke nan a inda aka saba da biyu. Wannan shi ake kira zarge. Zaren da aka bari a waje yana saurin tsinkewa, Magatakardar da ke biye kuma takan yi tuntuɓe a wurin.

Da Farfesa Haliru Ɗangoggo, mai kamfanin, ya ga haka, sai ya yanke hukunci cewa zarge datti ne. Ya rubuta a littafi, aka koyar, ɗalibai suka haddace, suka ci jarrabawa da shi, daga nan abin ya zama gaskiya. Ai gaskiya da yawa ta nan aka haife su. Jiki yana da nasa ƙananan almakasai masu yanke zarge. Farfesa ya ƙera nasa waɗanda ba sa gajiya, masu hayayyafa da kansu, ya ƙera Matsefiya ta riƙa dasa su a cikin tsoka. Sakamakon kuwa ya burge kowa: rauni ya rufe a kwana biyu, tsoka ta cika kamar an hura ta. Babu wanda ya tsaya ya tambaya me ya sa jiki, da yake riƙe da almakashinsa tun asali, yake yanke wasu zargen ya bar wasu.

Har zuwa wannan makon rabin tsefe ake yi wa mutane. Nomau ne mutum na farko da aka yi wa cikakke. Ɗigon ƙarshe ya mutu, allon ya yi fari fat. Ya zaro hannunsa, ya dunƙule, ya yi dariya.

"Juma'a sai Bagudu ya sha ƙasa."

"Bagudun da kuke cin tuwo a kwano ɗaya a ɗakina?"

"Shi ɗin. Bayan na kayar da shi mu zo ki sake tuƙa mana."

Dole a san yadda dambe ya zama a Birnin Tsauni kafin a zargi yaron nan da wauta. Mahaifinsu mahauci ne, kakansu ma haka. Yanzu kuwa na'urori ne ke fiɗa da daddatsawa a mayankar garin, mutum ɗaya tak aka bari, shi ma don ya yi Bismillah ya ja wuƙa. 'Ya'yan mahauta dubu sun tashi ba su gaji komai ba sai dambe. Filin da ake yi a da a bayan kasuwa ya zama katafaren gini mai cin mutum dubu arba'in, da 'yan jirage marasa matuƙi suna shawagi suna ɗaukar hoto. Wanda ya ci babban wasa ya tsira da iyalinsa. Wanda ya faɗi sau uku a jere, sai ya nemi gadi.

Ranar Litinin bayan azahar Tabawa ta ji wani sauti daga garken gwaji da ke bayan ginin. Dum. Dum. Dum. Kamar ana daka a turmin da ba komai a ciki.

Rago mai lamba tara ne. Shi aka fara yi wa cikakken tsefe, kwana shida da suka wuce, aka ga ya yi ƙiba ya yi kyau, Farfesa ya sa hannu a kan takarda cewa gwaji ya yi nasara tun a kwana na uku. Yanzu ragon yana tsaye gaban bangon siminti yana tunkuyinsa. Ƙahon dama ya riga ya karye yana reto a jikin fata. Jini ya yi zane a bango tun daga tsayin gwiwa har ƙasa. Ya ja da baya taku ɗaya, ya sake kai wa bangon karo, ta ji ƙashin goshinsa ya ba da wani sauti kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Bai tsaya ba. Abin da ya daskarar da ita ba jinin ba ne, 'yar mahauci ce. Idonsa ne. Ya juyo da ƙwayar idon yana kallonta, yana kuka, wuyansa kuma yana ci gaba da aikinsa ba da izininsa ba.

Ta ɗauko wuƙa, ta danne shi da gwiwa, ta yi Bismillah ta yanka. Ƙafafunsa suka yi ta shure-shure har kusan rabin awa bayan jinin ya ƙare.

Ta yanki tsoka daga wuyansa ta sa a na'urar karatu. Kafin la'asar ta ga abin da littafin Farfesa bai faɗa ba. A ƙarshen babi da yawa, daidai inda ya kamata Magatakarda ta ajiye alƙalami, jiki da kansa yake barin zarge. Tuntuɓen nan da aka ɗauka aibi ne, shi ne birkinta: ta rage gudu, ta sauka. Da aka tsefe shi, sai ta wuce da gudu ta hau babin da ke gaba ta tattake shi, babu mai iya karanta shi kuma. A cikin tsoka kuwa, babin da ke cewa a damƙe yana gaba, mai cewa a saki yana biye da shi. Jiki yana da ɗan ajiyar sinadarin saki da zai kai shi kwana biyar, shida. Daga nan sai ya ƙare. Almakasan kuma ba su zauna inda aka dasa su ba. Daga wuyan ragon, inda aka yi masa tsefen, sun bi jijiya har ƙafafu.

Ta hau bene ofishin Farfesa da jini a gefen zaninta.

"Rago ɗaya, Dakta," in ji shi bayan ya saurare ta. "Rago ɗaya ba hujja ba ne."

"Rago ɗaya muka yi wa cikakke, ranka ya daɗe. Shi da ƙanena."

"Wataƙila yana da ciwon ƙwaƙwalwa tun asali. Shekara talatin ina nazarin zarge."

"Shekara talatin kana nazarin yadda za a cire shi. Ka taɓa zama rana ɗaya ka tambayi me yake yi a wurin?"

Ya cire tabarau ya goge a hankali. "Na san damuwar 'yan'uwantaka ce. Ki je gida ki huta. Takardar lafiyar yaron ta riga ta tafi ƙungiya, ba zan janye ta a kan tumaki ba."

Ba ta tsaya jayayya ba, ba ta da lokacin. A firjin ɗakin gwaji akwai abin da suke kira allurar birki, wadda ke kashe almakasan Farfesa. An tanade ta ne don ma'aikacin da ya soki kansa bisa kuskure. Dole a yi ta a inda aka dasa su, nan ne tushensu. Ta lissafa kwanakin a yatsunta. In an yi ta kafin kwana na biyar, zargen za su dawo a hankali, ba abin da zai faru. In an wuce haka, za su dawo gaba ɗaya a gaban dubban Magatakardu masu tsananin gudu, a yi karo, igiyar ta tsintsinke, ƙwayoyin hannun su mutu. Ta ɗauki sirinji biyu.

Talata da safe ta sauka daga adaidaita marar direba a ƙofar gidan Baba Ilu, ubangidan 'yan damben Kudu. Abokin mahaifinsu ne, shi ya raɗa wa Nomau suna. Ta same shi a kan tabarma a tsakar gida, maza shida suna kewaye da shi. Nomau na gefe a kan turmi, yana riƙe da ƙwaryar kunu da hagu. Hannunsa na dama, wanda 'yan dambe ke kira mashi, an naɗe shi da ƙyalle da igiya tun daga yatsu har kusa da gwiwar hannu, ga layu uku a jikin ɗaurin.

Ta manta da al'adar gidan. Sauran gidaje ranar wasa suke ɗaure hannu. Gidan Baba Ilu, in babban wasa ne, tun saura kwana huɗu ake yin tsaga, a shafa magani, a ɗaure. Daga nan har a tashi wasa, mace ba ta taɓa hannun, ƙarfe ba ya shiga fatarsa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi bayani. Ta yi shi da Hausar da ko jariri zai gane. Ta ba da labarin ragon, ba ta rage komai ba.

"'Yar Mamman," in ji Baba Ilu, "ke kika sa hannun a injinku, ko ni?"

"Ni ce, Baba. Kuskurena ne. Shi na zo gyarawa."

"Ranar Asabar injinku ya fi maganina. Yau Talata kuma injin ya zama guba. To Alhamis me za ki zo ki ce?"

Mazan suka yi dariya.

"In don ni mace ce, ga allurar, kai ka yi masa da hannunka. Nan, sama da igiyar kaɗan. Zan juya baya ma."

"Allurar ta katako ce?"

"Baba..."

"Ƙarfe ne. Shekara arba'in da biyu ina ɗaure hannu, ubanki ma ni na ɗaure masa sau biyu. Ban taɓa karya ɗauri ba, ba kuma a taɓa ɗauko min yaro a makara ba."

"Su waɗancan ba a tsefe su ba!"

"Yaya, don Allah," in ji Nomau, yana murmushin nan nasa da ya saba ɓoye laifi da shi tun yana yaro. "Lafiyata ƙalau. Ban taɓa jin ƙarfi irin na yau ba. Juma'a da magariba ki zo ki yi min allura goma, har a ido in kina so."

Yana rufe baki ƙwaryar ta tsage a hannunsa na hagu. Kunu ya zubo masa a cinya. Ya kalli yatsunsa, sun nutse cikin ɓallin ƙwaryar, sai da ya ɗauki numfashi uku kafin suka buɗe.

"Kun ga ƙarfi!" wani ya ce, aka tafa.

Ita kaɗai ta ƙirga numfashin. Ta miƙe kamar za ta tafi, ta zaro sirinjin daga jaka, ta yi tsalle kansa. Mace mai shekara arba'in da biyar, mai ciwon gwiwa, a tsakanin 'yan dambe shida. Ba ta kai ba. Ɗaya ya riƙe ta ta ƙugu, wani ya murɗe mata wuyan hannu har sirinjin ya faɗi, Baba Ilu ya sa diddige ya murƙushe shi. Suka ɗauke ta cak suka ajiye a waje, ɗankwalinta ya biyo baya ta saman katanga. Ta ji muryar Nomau daga ciki yana cewa, "Kada ku ji mata ciwo, yayata ce!" Amma bai fito ba.

Laraba ta je ƙungiyar dambe. Suka nuna mata sa hannun Farfesa, suka tambaye ta ko ta fi shi ilimi. Alhamis ta je wurin Bagudu a sansanin Arewa, ta roƙe shi ya janye.

"Haba Yaya Tabawa," ya ce, yana dariya yana ba ta kujera. "A ce na gudu don Nomau? Nomau da nake dannewa a rafi har sai ya kira sunanki? Ki kwantar da hankalinki, ba zan ɓata masa fuska ba. Na san yana neman aure."

"Ba shi nake ji wa tsoro ba, Bagudu. Kai nake ji wa."

"To ki yi mana miyar kuka da man shanu. In na kayar da shi zai bukaci lallashi."

Juma'a bayan la'asar filin ya cika har saman bene. Tabawa ta sayi kujerar sahun gaba, sirinji na biyu yana soke cikin ɗaurin ɗankwalinta inda masu bincike ba sa taɓawa. Masu kalangu suka saki taken Kudu. Nomau ya fito yana rawa, sai dai ita ta ga abin da dubu arba'in ba su gani ba: ba rawa yake yi ba duka, kafaɗarsa ce ke fizga da kanta. Bagudu ya fito, suka haɗa goshi suna murmushi, alƙalin wasa ya raba su ya busa usur.

Turmi na farko bai kai minti ɗaya ba. Bagudu ya miƙa garkuwa, hannun hagu a buɗe, yana zagaye. Ya kai shuri da ƙafa, Nomau ya goce. Sai mashin ya tashi. Ba a ga tafiyarsa ba, sautin kawai aka ji: ya sauka a kan hannun da Bagudu ya kare da shi, ƙashin ya karye ya fito ta fata. Bugu na biyu ya same shi a kunne. Gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

A dokar dambe wasa ya ƙare ke nan. Gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, shi ke nan, wanda ya yi nasara ya ja da baya ya ɗaga hannu. Alƙali ya busa usur. Filin ya ɗauki ihu.

Nomau bai ja da baya ba. Hannunsa na hagu, da ya kama kafaɗar Bagudu don ya ture shi, ya ƙi buɗewa. Suka faɗi tare, gwiwoyin Nomau suka matse haƙarƙarin abokinsa suka ƙulle. Mashin kuwa, tsokar da ke naɗe shi da wadda ke miƙe shi suna fizgar juna babu mai sakin wata, ya tashi ya sauka. Ya tashi ya sauka. Kamar taɓarya.

Mutane suka ƙara ihu. Sun ɗauka burga ce.

"Ku riƙe ni!" Muryar Nomau ta fito ta lasifikar filin, 'yan jiragen sun sauko kusa suna ɗaukar komai. "Baba, ku riƙe ni! Bagudu, matsa! Matsa, don Allah!"

Alƙali ya kama hannun, hannun ya ɗaga shi ya buga da ƙasa. Baba Ilu ya shigo da gudu, tsoho mai shekara saba'in, ya rungume mashin da hannu biyu yana karanto abin da ya sani. Gwiwar hannun ta dawo ta same shi a ƙirji, ya zube yana neman numfashi. Fuskar Bagudu ta daina zama fuska. Igiyar ɗaurin ta jiƙe ta yi baƙi, kowane bugu yana watsa jini har kan masu kalangu, waɗanda sai a lokacin suka daina kiɗa. A cikin shirun da ya biyo baya ba a jin komai sai dum, dum, dum, da kukan wanda ke bugun.

'Yan tsaro biyu suka taho da sandunan lantarki.

"Kada ku sa masa wuta!" Tabawa ta ƙwala, tana tsallake shinge. "Wuta za ta ƙara ɗaure shi!"

Ba ta taɓa taka ƙasar filin dambe ba, ba mace da ta taɓa. Ta zaro sirinjin ta cire murfin da haƙori. Nomau ya juyo da ƙwayar idonsa ya gan ta, irin kallon ragon nan.

"Yaya, kada ki matso. Zan kashe ki. Yaya!"

Ta matso. Ta jira hannun ya sauka ta faɗa kansa da dukkan nauyinta. Ya ɗaga ta kamar ba komai, dunƙulen ya dawo ya same ta a muƙamuƙi. Ta ji haƙoranta sun canza wuri, duniya ta yi fari. Amma 'yar mahauci ce, ta san yadda ake riƙe dabba mai shure-shure: ba a yi mata gardama, ana bin motsinta. Ta naɗe ƙafafunta a hannun, ta bar shi ya ɗaga ta ya buga ta a kan ƙirjin Bagudu sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta lalubo fata sama da igiyar, tsakanin laya da laya, ta soka ta danna har ƙarshe.

Bugu goma sha ɗaya ya ƙara yi. Ta ƙirga su da haƙarƙarinta. Na goma sha biyu ya tashi rabi, ya tsaya a sama yana rawa, sannan ya faɗi kamar an yanke igiyar guga. Yatsun hagu suka buɗe. Gwiwoyi suka saki. Nomau ya kife a gefe, fuskarsa a cikin ƙasa.

"Yaya," ya ce. "Ya tashi?"

Ta juya kai ta dubi Bagudu. Ba ya motsi.

An yi jana'izar Bagudu Asabar da safe. Hannun Nomau ya fara baƙi daga yatsu ranar Lahadi, kamar yadda ta lissafa. Ranar Talata aka yanke shi daga kafaɗa. Ya rayu. Ba ya magana sosai, in an kawo masa tuwo sai ya ture rabi gefe guda na kwanon ya zauna yana kallonsa.

Farfesa Haliru ya fitar da sanarwa cewa maganin gargajiya da aka shafa a tsaga ne ya gurɓata aikin Matsefiya. Baba Ilu, daga gadon asibiti, ya ce tun ranar da mace ta shigo gida da ƙarfe tana nufin hannun ɗaurin ya karye. Kowannensu ya fita da gaskiyarsa ba ko ƙwarzane. Tabawa, da aka ɗaure mata muƙamuƙi da waya na mako shida, ta rubuta rahoto mai shafi sittin da hotunan ragon da na tsoka, ta aika wa hukumar lafiya. Suka amsa cewa za a kafa kwamiti.

Bayan mako biyu ta koma kamfanin don ta kwashe kayanta. Tun daga gadar jirgin ƙasa ta fara ganin layin. Ta ɗauka rabon abinci ake yi. Samari ne, ɗaruruwa, 'ya'yan mahauta daga Kudu da Arewa duka, wasu sun zo daga garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba, kowa ya naɗe hannun rigarsa na dama har kafaɗa. Layin ya bi gefen titi ya lanƙwasa ya shige ƙofar da ta yi shekara tara tana shiga.

Wani dogo a kusa da ƙofa ya gane ta. Ya cire hula ya rusuna.

"Hajiya Likita, sannu da jiki. Don Allah ki sa mana baki. Sun ce rabi za su yi mana. Mu irin na Bakin Gatari muke so, cikakke."

Ta yi ƙoƙarin buɗe baki, wayar ta riƙe. Ta lalubo takarda da biro a jaka, ta rubuta da manyan baƙaƙe ta ɗaga masa a fuska: YA KASHE AMININSA. AN YANKE MASA HANNU.

Saurayin ya karanta a hankali, yana motsa leɓe. Ya ɗago ya dube ta da ladabi, kamar mai tausayin tsohuwar da ba ta fahimci zance ba.

"Ai mun gani, Hajiya," ya ce. "Shi ya sa muka zo."

Aka kira lamba ta gaba. Ya mayar da hularsa ya shiga. Ta cikin gilashin ƙofar tana hango allon bango, wani sabon likita a kujerarta, jajayen ɗigogi suna mutuwa unguwa-unguwa. Ta kasa kunne ko za ta ji wani abu, ko da ɗan gurnani ne da zai sa ɗaya daga cikinsu ya waiwayo. Matsefiya ba ta ƙara idan tana aiki.